Fallen da Sitt Insaf Ta Hana

Ni ɗinkin littafi na sani. Daga aji huɗu mahaifina ya cire ni ya kai ni wurin wani mai ɗinki a bayan tashar jirgin ƙasa ta garinmu Damanhur, a nan kuma na tsufa tsakanin zare da gam da kwali. Karatu ina yi, amma da yatsa, layi-layi. Shekara talatin da ɗaya ina yi wa Sitt Insaf, wato uwargida Insaf, aiki, shi ya sa da aka yi ta faɗe-faɗe a kanta bara na ga ya kamata ni ma in ajiye abin da na sani.

Insaf 'yar wani mai gyaran keke ce a unguwarmu. Ta auri mai duba tikiti a jirgin ƙasa, mutum mai son karatu, duk tashar da ya sauka sai ya dawo da ɗan littafin labari a aljihu. Allah bai ba su haihuwa ba. Da ya rasu bai bar mata komai ba sai akwati biyu cike da waɗannan littattafai, da su ta fara. Wani tsoho mai kantin yadi ya ce ta jingina ɗan shagon katako a jikin bangon gidansa, daidai inda 'yan matan sakandare ke wucewa in an tashi. Ba a rubuta komai ba, magana ce ta baki. Da tsohon ya rasu, ɗansa Hagg Abdul-Maugud, Alhaji ke nan a bakin mutanenmu, ya gaji kantin da gidan, ya bar ta a wurin. Suna gaisawa, wani lokaci har ya aiko mata da shayi.

Haya take ba da littattafan, kuma tana da tsarin da ban ga wani ya yi irinsa ba. Littafi in ya yi kauri ba ta barinsa guda. Sai ta karanta shi tas, ta sa alamar fensir wuri biyu, ta kawo mini in raba shi kashi uku, kowane kashi da bangonsa. Ta haka yara uku za su riƙa karanta littafi ɗaya a lokaci guda, wannan tana dawo da na farko waccan tana ɗauka. Ta iya sa alamar nan. Ba ta yankewa a inda za a bar yarinya da tsoro, sai ta nemi inda labari ya ɗan numfasa. A bayan kowane kashi kuma ina ɗinka fararen fallaye shida, duk wadda ta gama ta rubuta ra'ayinta, ba a sa suna. Yaran sun fi son fallayen nan da littafin kansa. A nan suke faɗa, a nan suke shiri. Rajista kuwa Insaf ba ta taɓa ajiyewa ba. Ta san fuskar kowa, ta san rubutun kowa, ta san wa ke riƙe da me. Har gori take yi mini:

"Kai kana ɗinka takarda ba ka san abin da ke cikinta ba, Shahata. Ni kaina ne rajistar."

Wajen shekara biyu kafin abin ya faru na lura idonta ya fara yana. Ba ta faɗa ba. Na gane ne ranar da ta tsiyaya shayi a gefen kofi, ta ci gaba da magana kamar ba a yi ba. Sai ta tsiri wata dabara, duk yarinyar da ta tsaya a gabanta sai ta tsokane ta ta yi magana: "To, an ɗinke bakin ne? Ba gaisuwa?" Da murya take gane su. Na san abin da take tsoro. Ɗan ƙaninta Midhat ya daɗe yana cewa ta bar titi ta koma wurinsa, gidan sama hawa na biyar, ta kuma san ranar da ya ji ba ta gani, ranar za ta rabu da shagon. Sau ɗaya na yi mata maganar asibiti, ta ce in kula da gam ɗina. Na yi shiru. Shirun nan yana cikin abin da nake tuhumar kaina da shi.

Littafin da ya jawo maganar sunansa Lambar da Ba Suna. Wata matashiya ce ta rubuta shi don 'yan makaranta. Yaran suka dame ta sai ta kawo shi, ta aika aka sayo mata guda ɗaya daga Iskandariyya. Da ta miƙo mini na buɗe na duba, ba alamar fensir ko ɗaya.

"Kin karanta kuwa?"

"Na leƙa."

"A ina zan yanka?"

"Ka raba shi uku mana. Yau ka fara?"

Sai na raba shi da ma'aunin mai ɗinki, inda kauri ya zo daidai kuma zare ya ba da hanya. Sai daga baya, da na zauna na bi shi da yatsa, na ga abin da na yi. Labarin wata yarinya ce 'yar shekara sha shida da wani da ba ta sani ba yake turo wa saƙo a waya. Ya ɗauki hoton fuskarta ya ɗora a jikin wata, ya ce in ba ta bi abin da ya ce ba zai watsa. A kashi na farko ita da ƙawayenta suna farautarsa, kamar wasa. A na uku ta gaya wa mahaifinta, ya yarda da ita nan take, aka kama mutumin. Na biyun ne mugun wuri. Ƙawaye sun janye, ba ta ci, ba ta barci, wuƙata kuma ta faɗa daidai shafin da ta tsaya a kan gada tana kallon ruwa. Daga nan sai fararen fallayena. Da a ce Insaf tana gani, da ba ta yarda an yanka a nan ba.

Cikin wata guda ba littafin da ake nema kamarsa. Wata rana na kai mata gyararrun littattafai daidai tashin makaranta, na iske ana musu a bakin shagon tsakanin Shahd, 'yar Hagg Abdul-Maugud, da wata mai baki sunanta Rawan, 'yar direban tuktuk, keken haya mai ƙafa uku.

"Wallahi Tant, littafin nan ya hana ni cin abinci," in ji Shahd. Tant yaran ke ce mata, wato inna, ni kuma Am, wato baffa.

Rawan ta ce, "Ke da na ga kin tashi da koshari kwano biyu jiya? Ai da ya hana ki da mun ga alama."

"Rawan, ki kiyaye ni."

"Ni dai haushi ya ba ni. Yarinya sai ka ce ba ta da baki. A turo miki shirme ki zauna kina kuka shafi ɗari? Ni da tuni na kai wa yayana wayar."

"Yayan naki da ya fasa miki waya don kin sa hoton kyanwa?"

Suka kwashe da dariya, har Rawan ɗin. Insaf ta buga tafin hannu a kan katako ta ce, "Ku rubuta a baya, kada ku cika mini kunne. Wa ke riƙe da na uku? Ta dawo da shi, akwai masu jira."

Sun kuwa rubuta. Fallaye shida ba su isa ba, sau biyu ina ƙarawa. Wata ta ce ba a taɓa rubuta littafi da ya san 'yan mata kamar wannan ba. Ta ƙasanta ta ce ƙarya ce tsagwaronta, irin wannan sai a Alƙahira. Wata ta ce ta goge hotunanta duka daga waya. Wata ta ce tun shafi na arba'in ta gane mugun, marubuciyar ta raina wa mutane hankali. Wata kuma ba ta ce komai ba, ta zana gada kawai, wata ta zo ta zana mata mai sayar da gasasshiyar masara a kai.

Iyaye ma suka shiga, kuma yawancinsu kashi na biyu kaɗai suka gani, don shi ne ya fi daɗewa a jakar yara. Uwar Rawan ta ce gara su sani tun da wuri. Wasu suka ce koya musu ake yi. Hagg Abdul-Maugud ya tsince shi a jakar 'yarsa, ya karanta a kanti tsakanin masu sayen yadi, ya tsallako da shi a hannu.

"Ya Sitt Insaf, wannan fa? Littafi ya kai yarinya bakin gada ya bar ta a nan?"

"Akwai na uku, ya Hagg. Ka karanta na uku."

"Ni ɗan makaranta ne da zan shiga layi?"

Ya ajiye mata ya koma. A lokacin ɓacin rai ne kawai, washegari ma ya aiko da shayi.

Bayan mako biyu, wata Litinin, Rawan ta tsaya har sauran suka watse. Ta sassauta murya, ita da ba a san ta da haka ba, ta ce, "Tant, kin ga abin da aka rubuta a bayan na biyu?" Insaf ta ce ta gani. Yarinyar na tafiya ta rufe shago ta lallaɓo wurina da bin bango, tun kafin la'asar, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Karanta mini fallen ƙarshe."

Da fensir aka yi shi, ƙananan haruffa a matse. Na bi da yatsa: "Masu cewa ƙarya ne, ni yanzu haka ake yi mini. Fuskata ce, jikin ba nawa ba ne. Na karanta na uku inda uban ya yarda da ita. Nan ne ƙaryar. Na biyu ne gaskiya, har gadar."

Ta ce in sake. Na sake.

"Wace ce?" na tambaye ta.

"Da na sani zan zo wurinka?" Ta laluba ta zauna a kan bencina. "Akwai wadda ta dawo da na uku ta sake ɗaukar na biyu. Na ji an zare shi daga hannuna, na ce wace ce, ba ta amsa ba, ga hayaniya. Shekara talatin, Shahata, ba a taɓa karɓar littafi a hannuna ban san hannun wa ya shiga ba."

Ta sa na sa wuƙa na cire fallen. Na sa shi tsakanin kwali biyu na tura ƙarƙashin matsin da nake danne littattafai da shi.

Amma yara da yawa sun riga sun karanta, kuma abin da yara suka sani iyaye mata sun sani. Ranar Laraba da safe ina bakin shagonta sai ga Hagg tare da Abla Suhair, wato Malama Suhair, mai koyar da Larabci a makarantar. Ita Suhair a wannan shagon ta girma, har yanzu akwai rubutunta na yarinta a bayan wasu tsoffin littattafan. Ita ta fara magana.

"Tant, ni ba tonon asiri ya kawo ni ba. Ki ba ni fallen in gwada da littattafan rubutunsu, cikin yini ɗaya zan gano ta. Yarinyar nan gada ta ambata."

"A ina za ki gwada, Suhair? A ɗakin malamai? Ku sha nawa ne a ciki, kowace da waya da ƙanwa da maƙwabciya? Kafin ta isa gida sunanta ya riga ta."

"Ni kaɗai zan duba."

"Littattafai ɗari huɗu za ki tattara ke kaɗai, ba mai tambayarki dalili?"

Hagg ya ce, "To ki faɗa mana da baki. Ba ke ce kike cewa kanki ne rajista ba? Na tsare Shahd ta rantse ba ita ba ce, amma yarinya mai tsoro ai rantsuwa ba ta yi mata wuya. Ina so in sani."

Ba mugu ba ne, na san shi tun yana ɗaukar wa ubansa bandir ɗin yadi. Uba ne da tsoro ya kama.

Insaf ta gyara zama. Sannan ta ɗaga fuska wajen da muryarsa take ta ce, "Ba na gani, ya Hagg. Yanzu haka inuwarka kawai nake gani. Ban san wadda ta rubuta ba."

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu."

"Wato shekara biyu kina ba 'ya'yanmu abin da ba ki karanta ba."

"Haka ne."

"Mahaifina ya ba ki bangon nan ne don ya san kina duba abin da kike miƙa wa yara." Ya goge fuska da hannu. "Juma'a. Ko ki ba Abla fallen, ko ki ɗauke katakonki."

Da suka tafi na gaya mata gaskiyar raina, cewa ina ganin Suhair na da hujja.

Ta ce, "Na ce musu ba a sa suna. Shekara talatin ina ce musu haka. Shi ya sa ta rubuta."

"In ta tafi gadar fa?"

Ta yi ta murza bakin mayafinta. "In na ba su za ta fi saurin tafiya."

"Kin tabbata?"

"Ban tabbata ba. Ɗauko alƙalami."

Na ɗinka sabon falle a bayan kashi na biyu, ta faɗa ina rubutawa da mugun rubutuna: "Ni Insaf ba na gani. Ban san wadda ta rubuta ba, kuma ba wanda zai ga rubutun. Daga yau kullum in an tashi ina bukatar wadda za ta riƙe hannuna ta raka ni shagon Am Shahata, kowace rana mutum ɗaya. A hanya ba na tambaya, amma ina ji." Ta buɗe littafin a wannan shafi ta ɗora a kan katakon shago, duk mai wucewa ta karanta. Ranar Rawan ce ta rako ta. Ranar Alhamis wata ce daban, ita kuwa tun daga shago har wurina labarin ciwon haƙorinta ta yi.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci kafintoci biyu suka zo. Ba a yi hayaniya ba. Hagg bai fito ba, amma shi ya turo tuktuk aka kwaso littattafan cikin buhunan shinkafa zuwa wurina, buhu sha ɗaya. Katakon ya riga ya ruɓe ta ƙasa, da suka ja sai ya zo musu gutsi-gutsi. Insaf tana tsaye tana saurare. Abin da ta ce kawai shi ne su yi hankali da ƙusa, yara na bin wurin.

Ranar Lahadi da aka koma makaranta ta sa na kai mata kujera. Ta zauna a bakin titi, taku uku daga bangon, da kashi na biyu a cinya. Na ce ko Hagg zai yi magana, ta ce titi ba na gadonsa ba ne.

Rawan ce ta tsara layin masu rakiya, don kada a ce wance ta cika zaƙewa. Ta sa har waɗanda suka zagi littafin, ta sa har waɗanda iyayensu suka hana su tsayawa. Shahd ma ta yi tata ranar, a gaban kantin ubanta ta wuce da tsohuwar a hannu, bai hana ta ba. Hanyar ba ta wuce tafiyar minti goma ba. A cikinta Insaf ta ji abubuwa da yawa. Wata ta faɗi lissafi ta ɓoye takardar sakamakon, wata tana son ɗan mai gidan burodi, wata uwarta na kuka kullum ba ta san dalili ba. Duk wadda ta kawo ta, ina kallon fuskar Insaf daga ƙofa, sai ta ɗan girgiza mini kai.

Kwanakin nan ban ji daɗinsu ba. Kowace safiya kafin in buɗe shago sai in zagaya ta gadar da ke kan magudanar ruwa, in tsaya ina kallon masu wucewa. Ban san abin da zan yi ba da na ga wani abu, ko iyo ban iya ba. In na ji an ɗaga murya a titi sai allura ta faɗi daga hannuna. Sau biyu na ɗaga matsi na dubi kwalin nan, na yi niyyar in kai wa Suhair ba da sanin Insaf ba. Ban kai ba, kuma ba zan ce don na tabbata ba ne.

Midhat ya ji labari ya zo a rana ta uku da zamanta a titi. Ya tsaya a kanta ransa a ɓace.

"Gwaggo, mutane sai su ce mun yar da ke. Kujera a bakin titi, sai ka ce mai sayar da lemon tsami?"

"Mai lemon tsami ta fi ni, ita tana da lemo. Ka ba ni mako biyu, ɗana, in ya cika ka zo ka ɗauke ni kamar buhu, ba zan yi gardama ba."

Ya ba ta.

A rakiya ta tara abin ya zo. Zan kira yarinyar Basmala, ba sunanta ba ne. Siririya ce, mai shiru, irin wadda za ta shekara tana wucewa ta gabanka ba ka riƙe fuskarta ba. Ranar na jira su har na fito ƙofa. Tafiyar minti goma ta ɗauke su fiye da awa. Da suka ɓullo kwana na ga ba yarinyar ce ke riƙe da tsohuwar ba, tsohuwar ce ke riƙe da ita, ta damƙe mata wuyan hannu kamar za a ƙwace.

"Shahata, ba wa baiwar Allah takardarta. Sannan ka je ka sayo mana ta'amiyya, ta can wajen tasha, ka daɗe."

Na ɗaga matsi na miƙa mata ban dubi idonta ba, na fita. Da na dawo akwai tokar takarda a ɗan murhun da nake narka gam. Yarinyar ta ci ta'amiyya, irin ƙosanmu, ɗaya da rabi. Insaf ta ce wannan ne abinci na farko da ya zauna wa yarinyar cikin kwana uku.

Washegari da hantsi, uban yarinyar yana wurin aiki, Insaf ta bi ta gida. Abin da ya faru a can daga bakinta na ji. Uwar ta saurara har ƙarshe, ta ɗaga hannu ta mari yarinyar, sannan ta jawo ta ta rungume, suka yi ta kuka, Insaf na zaune ba ta san ina za ta sa fuskarta ba. Uban bai yi kamar na littafi ba. Bai dake ta ba, amma ya yi kwana uku bai yi mata magana ba, da ya buɗe baki kuma tambayar da ya yi ita ce ina mutumin ya samu hoton fuskarta tun farko. Ƙanin uwar ne ya ɗauki wayar ya kai ƙara. Saƙonnin suka tsaya. Ko an gano mai turowa, ba wanda ya gaya mana. Hoton bai fita ba, iyakar sanina. Amma uban ya cire ta daga makaranta ya tura ta garin Rashid wurin kakarta, aka ce wa mutane ƙirjinta ne ke ciwo, iskar teku za ta yi mata. Zangon nan yara uku ne suka bar makarantar, kowace da dalilinta, don haka masu hasashe ba su tsaya a kan kowa ba.

Insaf ta sa na raka ta kantin Hagg. Daga bakin ƙofa ta ce, "Ba 'yarka ba ce, ya Hagg." Ya ajiye almakashi ya zauna a kan bandir ɗin yadi, ya daɗe kansa a ƙasa. Bai ce ta dawo bangon ba, ita ma ba ta roƙa ba.

Abla Suhair ta tare ni a kasuwa bayan wata guda. Ta riga ta gane, don malamar aji ba ta rasa sanin kujerar da ta zama wofi.

"Kusan mako biyu, Am Shahata. Mako biyu yarinya na yawo da gada a ka, ku kuna jiran layi ya zo kanta. Da Rawan ta sa ta a ƙarshe fa? Kuma da ni na je wurin uban, ni da shugabar makaranta, da bai cire ta ba. Ta fi kowa iya rubutu a ajin nan."

Na ɗauki cefanena na wuce.

Mako biyu na cika Midhat ya zo, Insaf ta bi shi ba gardama kamar yadda ta ce. An yi mata aikin ido ɗaya, tana ɗan gani yanzu, amma gwiwa ba ta barinta saukowa daga hawa na biyar. Buhunan na wurina. Wani lokaci yara na leƙowa su tambayi littafi, sai in ce su yi haƙuri, ni ban san wanda ya dace da wa ba.

Ina hawa wurinta duk Juma'a ta biyu, ina hutawa a kowane bene. Matar Midhat na kawo mana shayi. Ba ta tambayata shagon, ba ta tambayata Hagg. In mun gaisa sai ta jira matar ta koma kicin, ta matso ta ce, "An mayar da ita makaranta?"

Wancan zuwan na ce mata na ji an ce za ta zauna jarrabawa daga gida baɗi. A bakin mai sayar da madara na ji, shi ma ji ya yi, ban san ko gaskiya ne ba. Ta ce wa ya faɗa. Na ce wani ne da ya san gidan. Ta juya idon mai ganin ta dube ni sosai, ta daɗe, sannan ta ce in sha shayina kafin ya huce.